Filin Tambaya da Amsa: Tambarin shafina ya ƙi fitowa a saman burawuza

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya zafin Sakkwato. Ni ɗalibi ne kuma na haɗa ma yayana shafin intanet na sayar da takalman fata, komai na tafiya lafiya lau amma ɗan ƙaramin hoton nan da ka fitowa a saman burawuza kusa da sunan shafi ya ƙi fitowa, sai wata alamar duniya mai toka-toka, alhali na ɗora hoton a kan saba, wato kwamfutar da anka ajiye shafin cikinta. Mi ya kamata in yi? Daga wani mai karatu a Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi ma sana'ar yayanka albarka. Wanga ɗan hoto sunansa favicon, Microsoft ne sunka fara kawo shi a Internet Explorer 5 a 1999, kuma tun lokacin burawuza ta saba da abu guda, da ta buɗe shafinka sai ta tambayi saba fayil mai suna favicon.ico a tushen shafin, wato babbar foldar farko, ko ba ka ce mata komai ba. To in ka cusa shi cikin foldar hotuna ba za ta gan shi ba, saba za ta mayar mata da 404 kurum, wato saƙon ba a samu fayil ɗin ba.

Don haka fara da nan. In cPanel, wato manhajar sarrafa fayilolin saba, kake amfani da shi ka sa fayil ɗin cikin foldar public_html kai tsaye, ita ce tushen shafin, sannan ka rubuta adireshin shafinka ka ƙara /favicon.ico a ƙarshe ka buɗe. In hoton ya fito to saba ba ta da laifi. In bai fito ba duba sunan da kyau don yawancin sabobi Linux ne kuma Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami, Favicon.ICO daban favicon.ico daban, wannan ɗan abu yana wahalad da yara masu koyo ƙwarai. Ka duba izinin fayil ma, wato lambar da ka nuna wa zai iya karanta shi, 644 ya isa.

In kana son ya zauna wata folda ko kuma PNG ne gare ka babu damuwa, sai dai ka gaya ma burawuza inda yake, ka sa layin link mai rel="icon" cikin head na HTML ɗinka tare da href mai nuna wurin. Masu iPhone kuma nasu daban ne, apple-touch-icon mai fiksel 180 tsawo da faɗi, fiksel shi ne ɗigon da aka auna girman hoto da shi. In da manhajar WordPress ka haɗa shafin ma ka huta, akwai wurin Site Icon, ka ba shi hoto mai fiksel 512 tsawo da faɗi sauran aikin shi zai yi.

Amma ni inda na fi zargi shi ne ajiyar burawuza, don wallahi tana riƙe tsohon favicon kamar kaska a jikin akuya, ka gyara komai daidai amma ita tana ta nuna maka na da, kai kuma kana ta sake ɗora fayil kana ƙona data a banza. Gwada a wayar da ba ta taɓa shiga shafin ba, ko ka ƙara ?v=2 a ƙarshen href ɗin, dole ta ɗauke shi a matsayin sabo.

Sai batun zanen kansa, kuma don Allah ka ji wannan. A kwamfuta wurin fiksel 16 ne ko 32 kacal, kada ka ɗauko hoton shago gaba ɗaya da lambar waya ka matse ciki, ba mai ganin komai sai dabbare. Harafin farko na sunan shagon ko siffar takalmi guda da launi biyu ya wadatar, fayil ɗin ya zama mara nauyi saboda masu ƙaramin data. Google ma yana nuna shi kusa da sunan shafi in anka yi bincike a waya, kuma mai saye daga Kano ko Abuja da bai taɓa ganin shagonku ba da irin waɗanga ƙananan abubuwa yake auna ko ya tura kuɗinsa.