Dogon ɗan wasa: gindin kwando ko jifan nesa?

Tambaya: Assalamu alaikum Koci. Shekarata 17, a Birnin Kebbi nake wasan ƙwallon kwando, tsawona ya ɗan haura mita 2. Mai horar da mu kullum gindin kwando yake ajiye ni, wai in ba kwando baya in nemi ƙwallo. Ni kuwa ina ganin dogayen gasar NBA ta Amurka na yanzu suna fita waje suna jefa ta maki uku. Tsayuwa gindin kwando ba ta zama tsohon yayi ba? Wanne zan fi ba ƙarfi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Idonka bai yi maka ƙarya ba, wasan ya canza. Amma mai horar da kai yana kan hanya, kuma ko a hannuna kake, nan ɗin zan ajiye ka tukuna.

NBA ta shigo da layin maki uku a 1979, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta bi sahu a 1984, amma an daɗe dogaye ba su ko kallonsa. Kareem Abdul-Jabbar ya tara maki 38,387, kuma sau ɗaya tak ya ci ta maki uku a duk rayuwarsa ta NBA. Shaquille O'Neal ma sau ɗaya. Lissafi ne ya fito da su daga baya: wanda ya jefa goma daga kusa ya ci biyar yana da maki 10, wanda ya jefa goma daga bayan layi ya ci huɗu yana da 12. Sannan in senta, wato dogon da ke tsaye gindin kwando, ya fita, dole mai tsaronsa ya biyo shi, sai ƙofa ta buɗe wa gajerun 'yan wasa su kutsa.

To amma wannan lissafin sai ƙwallo tana shiga. In biyu kake ci cikin goma, maki 6 ke nan, kuma takwas ɗin da suka dawo daga kwando wa zai kama su? Kai da ka fi kowa tsawo kana can bayan layin maki uku, mita 6.75 daga kwando, kana kallo. Ka ƙara da cewa yawancin filayenmu na siminti ne a sarari. Duk wanda ya yi atisaye da hunturu ya san yadda iska ke karkatar da ƙwallo tana sama, ga ƙura ta sa ta santsi a hannu. Jifan taku biyu daga kwando ba ruwansa da iska. Kuma ka tambayi kanka: a duk ƙungiyoyin da kuke haɗuwa da su, daga Argungu zuwa Yauri, mutum nawa ne suka kai ka tsawo? Allah ya ba ka abin da ba a saya a kasuwa.

Aikin gindin kwando aikin ƙafa ne, ba na ƙarfi ba. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, gola ne a ƙwallon ƙafa kafin ya kama ƙwallon kwando yana kusan shekara 15, kuma wannan ƙafar ce ta ba ƙungiyarsa ta Houston kofin NBA a 1994 da 1995. Ka nemi bidiyonsa, ka bar kallon hannunsa, ka zuba wa ƙafafunsa ido.

Rabin aikin yana ƙarewa kafin ƙwallo ta iso. Ka kama wurinka a gefen akwatin da aka zana a ƙasa gaban kwando, don in ka wuce daƙiƙa uku a ciki alƙali zai hura. Ka buɗe ƙafa, ka ɗan tsuguna kamar mai shirin kokawa, ka jingina bayanka da mai tsaro har ka ji inda nauyinsa ya karkata. Da ta zo, hannu biyu, ka riƙe ta a ƙarƙashin haɓa, gwiwoyin hannu a buɗe. Na sha ganin dogon yaro ya karɓi ƙwallo ya sauke ta zuwa cinya, wani ɗan guntu ya fizge ya wuce. Wannan yana ƙona min rai, don ya mayar da kansa gajere da hannunsa.

In ka ji mai tsaro a kafaɗar hagu, ka zura ƙafar dama baya wajen kwando, ka juya, ka ɗora ƙwallo a allon kwando. In ya tare nan, ka juya tsakiya ka yi jifan lauje, wato kafaɗa tana tsakaninka da shi, hannun nesa ya ɗaga ƙwallo sama da kai. Na uku yaudara ce: ka ɗaga kamar za ka jefa, in ya yi tsalle ka ratsa ta ƙarƙashinsa, ƙafar da ka kafa tana nan ba ta gusa ba. Waɗannan ukun sun ishe ka, muddin hagu da dama duka suna aiki. Kullum kafin atisaye ka tsaya ƙarƙashin kwando kana sakawa da dama, ka cafe, ka saka da hagu, ba tare da ta taɓa ƙasa ba, har hamsin.

Jifan nesa kuwa ban hana ka ba, sai dai da taku ake zuwa can. Ma'auninka firi-turo ne, jifan da ake ba wanda aka yi wa ƙeta, kuma dogo mai matsa wa kwando shi aka fi yi wa ƙeta. Brook Lopez ya shekara takwas a NBA da cin maki uku sau uku kacal, sai a kakar 2016 zuwa 2017 ya ci 134. Mutane sun yi mamaki, amma dama yana cin kusan takwas cikin goma a firi-turo, hannun a gyare yake, baya kawai ya ja. Nikola Jokić da Joel Embiid ma da kake gani a waje, ana sakar musu fili ne don tsoron abin da za su yi in sun matso.

Saboda haka sai ka riƙa cin bakwai cikin goma a firi-turo, kana cikin gajiya da gumi, kafin ka koma kusurwar akwatin ka yi ta jifa daga nan. In ta zauna, ka ja baya taku ɗaya. Da ka ga ƙwallo ta fara tashi daga ƙirji, ko kana tura ta da hannu biyu, ko jikinka yana faɗawa gaba, ka wuce iyakarka, ka dawo inda ka baro. Ƙarfin jifan nesa daga gwiwa da cinya yake tasowa, kuma a shekara 17 jikinka bai gama cika ba.

Ka sami mai horar da kai cikin ladabi ka roƙe shi minti goma sha biyar bayan atisaye, shi ko wani ya riƙa miƙo maka ƙwallo. Ka sayi ɗan littafi kana rubuta nawa ka jefa, nawa suka shiga, daga ina. Bayan wata uku ka kai masa littafin ya duba.