Ku Tambaya Mu Amsa: Baƙi na wucewa Yankari ta ƙofar gidanmu, mu ina namu rabon?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Alkaleri, gonarmu tana bakin dajin Yankari. Tun ina yaro nake ganin motocin baƙi suna wucewa musamman lokacin hutun ƙarshen shekara da sallah, amma wallahi banda ƙura babu abinda suke bar mana, ga giwaye in suka fito da damina sai su shafe gonar mutum a dare ɗaya. Naji a rediyo wai a Ruwanda ƙauyuka sun cigaba saboda biri kawai. Shine nake tunanin in sayar da gonar gadona in gina ɗakuna huɗu na saukar baƙi. Dan Allah a bani shawara, kuma wai da gaske ne zancen Ruwandan nan?
Daga wani mai karatu, Alkaleri, jihar Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da gonar kafin mu tafi Ruwanda: kada ka sayar. Ko ɗakunan zaka gina ba da kuɗin gona ba, dalili na tafe.

Zancen Ruwanda gaskiya ne amma rediyo rabinsa ta baka. Birin da ake magana ba irin wanda ke sace wa baƙi biredi a masaukin Wikki na cikin Yankari bane, gorila ne na kan tsauni, ƙaton nan baƙi, kuma duk duniya babu shi sai a yankin da Ruwanda da Yuganda da Kwango suka haɗa iyaka, duka duka kaɗan suka haura dubu ɗaya. To abinda babu shi a wani wuri kai ke yanka masa farashi. Har zuwa 2017 tikitin ganinsu dala 750 ne, a shekarar suka ninka shi ya koma dala 1,500, kuma awa ɗaya tak zaka yi a gabansu, mutum takwas kawai ake bari su ziyarci iyali ɗaya na birai a rana. Kaga kenan ba yawan baƙi suke nema ba, baƙo mai nauyin aljihu suke nema.

Amma fa wannan kuɗin asusun gwamnati yake shiga, ba aljihun ɗan ƙauye ba. Abinda ya sa ƙauyukan Kinigi da kewayen Musanze, da ke bakin dajin gorilan a Ruwanda, suka ga wani abu shine tsarin da aka kafa tun 2005, cewa kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da gandayen daji suka samar za'a mayar wa garuruwan da ke bakin dajin, sannan a 2017 aka ɗaga shi zuwa kashi 10. Da shi ake gina ajujuwa da tankunan ruwa da ƙananan asibitoci, ana tallafa wa ƙungiyoyin manoma da masu sana'a. Akwai kuma asusu daban na biyan diyya in dabba ta ɓata gona ko ta ji wa mutum ciwo, sannan an jera katangar duwatsu a bakin dajin saboda ɓauna kada ta riƙa faɗawa gonaki, wannan ɗin nasan shi yafi taɓa ka. Har otal akwai mai tsada a gindin tsaunin Sabyinyo wanda mallakin ƙungiyar mutanen yankin ne, SACOLA, kamfani ke gudanar da shi yana biyansu. Samarin ƙauye kuma, cikinsu har da tsofaffin mafarauta, su ke dakon jakunkunan baƙi zuwa kan tsauni ana sallamarsu. Yuganda ma tana da irin nata, kashi 20 na kuɗin ƙofa doka tace na maƙwabtan daji ne.

Ka lura da kyau, duk abinda na lissafa babu wanda ya zo don baƙo yaji tausayin ɗan ƙauye. Rubuta shi aka yi aka ce kaso kaza naku ne. In babu wannan rubutun ko baƙi dubu nawa suka wuce ƙura dai zasu bar maka kamar yadda ka faɗa.

Kuma ko a can ɗin kada ka ɗauka kowa ya ajiye fartanya. Yankin Musanze cike yake maƙil da mutane, in ka raba kason nan kan kowa da kowa abin ba wani mai yawa bane, har gobe dankalin turawa ne ke riƙe da yawancin gidaje a wurin. Mutumin da ƙasarsa ke karɓar dala 1,500 kan baƙo ɗaya bai rabu da gonarsa ba, kai da baƙinka yawanci 'yan makaranta ne da iyalai daga Jos da Kano da Abuja zaka rabu da taka?

Yanzu mu dawo gida. Yankari ba ƙaramin wuri bane, murabba'in kilomita 2,244 ne, an keɓe shi tun 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991 sannan jihar Bauchi ta karɓe abinta a 2006. Yana da abinda mutane zasu taso takanas su gani, ga giwaye ga ruwan ɗumin Wikki da kullum yake wajen digiri 31 rani da damina, ga kogunan dutse na Marshall. Matsalar ɗakunanka ita ce masaukin baƙi yana can tsakiyar dajin a Wikki, sama da kilomita 40 daga ƙofar Mainamaji, kuma wanda ya kwaso iyalinsa tun daga Kano so yake ya tashi da safe ya faɗa ruwan nan ya hau motar zaga daji, to me zai sa ya kwana a ƙauyenku? Ga shi kasuwar ta lokaci ce, da rani ne ciyawa ke bushewa dabbobi su taru a bakin kogin Gaji a gansu, damina na sauka baƙi su ja baya, ɗakunanka su zama na ƙadangaru kai kuma ba hatsi a rumbu.

Sai babban abin da yafi bani tsoro a wannan sana'ar, wato tsaro. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana. A Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai, nan ne ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke yawo a cikin gonakin mutane, a 1996 basu kai 50 ba, aka yi ta lallaɓa manoma da rance da rijiyoyi don su haƙura da ɓarnar wake da suke musu har suka haura 600, samarin wurin suka kafa ƙungiyar 'yan jagora suna samun na cefane. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da ɗan jagora, shikenan aka rufe wurin, abinda aka yi shekara ashirin ana ginawa ya tsaya cak a wuni ɗaya. Agadas ma haka, da jirage ke sauke Turawa masu zuwa duwatsun Ayar da hamadar Tenere, tawayen 2007 ya kore su, maƙeran azurfa da direbobin sahara suka rasa ciniki. Wanda ke da garke ko lambu shi ya samu abin komawa.

To me zaka yi? Ni a ganina ka daina kallon baƙon, ka kalli cikinsa. Duk wanda ya kwana a Wikki sai yaci ƙwai da kaza da tumatir da albasa, kaje ka bincika daga ina ake sayo su, in daga Bauchi ake ɗauko su kaga ƙofa ta buɗe. Amma kai kaɗai ba zaka iya ba domin mai kicin ba ruwansa da uzuri, so yake duk sati kaya su iso, don haka ku haɗu ku goma ko sha biyar kuyi ƙungiya da rajista, wannan kaji wancan lambu. Sannan ku gwada zuma. A Kenya manoma suna rataya amya a jere a bakin gona su haɗa su da waya, giwa in ta taɓa wayar ƙudan zuma su tashi, ita kuwa tana shakkarsu sosai. Ba ya hana ɓarna ɗari bisa ɗari amma yana ragewa, ga zumar ka zuba a kwalba mai tsafta ka ajiye a bakin hanya, baƙon da bazai kwana gidanka ba zai tsaya ya sayi kwalba biyu. In kuma kana da sakandare kana jin Turanci kuma kasan sawun dabbobi da sunan itatuwa, nemi aikin jagora ko gadin daji, ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fara aiki da gwamnatin jihar a dajin a 2014 kuma sun san matsalar giwa da gonaki, ba baƙon zance zaka kai musu ba.

Na ƙarshe shine wanda yafi wuya kuma yafi amfani. Tunda dajin a hannun jiha yake ba sai kunje Abuja ba, ku bi ta dagaci zuwa hakimi ku samu ɗan majalisarku na jiha ku nemi a rubuta kaso na garuruwan bakin daji da tsarin diyyar gona, ku tafi da misalin Ruwanda da Yuganda a takarda. Kuma in giwa ta shiga gona ku ɗauki hoto da waya ku rubuta rana da girman wurin, mai unguwa ya sa hannu. Kuka da baki ana mantawa, takarda kuwa tana nan.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni ina sana'ar bandar kifi da gyaran shinkafa a wani ƙauye kusa da Argungu. Ƙawayena sunce in ci bashi in tara kaya da yawa saboda bikin kamun kifi, wai a kwanakin nan ake samun kuɗin shekara. Maigida yace ba ruwansa. Ya kake gani?
Daga wata 'yar'uwa, jihar Kebbi.

Amsa: Lafiya lau Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Ƙawayenki basu yi ƙarya ba, ana ciniki, biki ne da ya samo asali tun 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu Argungu, UNESCO ma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ranar da aka faɗa kogin Matan Fada da koma da gora garin baya ɗaukar mutane. Amma ki tuna kwana huɗu ne, kuma ki tuna an taɓa yin wajen shekara goma ba'a yi shi ba sai a 2020 aka dawo. Mai bashi kuwa baya jiran a sa rana. In zaki ci bashin ki tsaya sai an sanar da ranar a hukumance, kuma ki ci daidai wanda ko bikin bai yiwu ba zaki iya sayar da kayan a kasuwar mako ki biya. Shinkafa tana jira, kifi ko an banda shi yana da iyaka, don haka ki fi nauyi a shinkafar.

Ribar bikin ta gaskiya a wurina ba cinikin ranar bane. Ki sa yaronki ya buga miki 'yar takarda da sunan sana'arki da lambar waya a liƙa a kowace leda, Alhajin da ya zo daga Kaduna yaci kifinki yaji daɗi zai kira bayan wata biyu, ki kai tasha a ba direba, kuɗi su shigo ta waya. Mata da yawa haka suke kasuwanci yanzu ta WhatsApp basu taka ko ƙofar gida ba. Shi kuma maigida a lallaɓa shi ya shigo ciki, ko don zuwa tasha.

Tambaya: Malam mu a garinmu muna da tsohon masallaci da dutse mai tarihi, yara suna so a tallata a riƙa zuwa gani, mu dattawa muna tsoron lalacewar tarbiyya. Ba zamu jawo wa kanmu fitina ba?
Daga wani dattijo, jihar Damagaram.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma, tsoronku yana kan hanya, sai dai ni ba shigar baƙi ce tafi damuna ba. Abinda nafi gani yana ɓata gari shine yara su gane cewa bin baƙo ana "kado, kado", wato roƙon kyauta, yafi zaman aji kawo kuɗi, daga nan makarantar boko da ta allo duk su watse. Maganinsa ku ne zaku kafa sharaɗi tun kafin mota ta farko ta iso: ba'a ba yaro kuɗi a hannu, mai son yin alheri ya kai wa liman ko shugaban makaranta, ba'a ɗaukar mata hoto sai da izini, ga irin suturar da ake shiga gari da ita, kuma baƙo baya yawo sai da ɗan jagora ɗan gari wanda kuka yarda da shi. Ba ku kuka fara ba, a Larabanga ta arewacin Gana baƙi suna zuwa ganin tsohon masallacin ƙasa amma wanda ba Musulmi ba daga waje yake tsayawa, Zanzibar ma da take cike da Turawa ta kafa dokar sutura a cikin gari. Kuɗin shiga kuma a yanka rasit, mutum uku su riƙe asusun, a karanta abinda ya shigo da abinda aka kashe bayan sallar Juma'a duk wata, domin rigimar da ke raba gari a irin wannan harka galibi daga wanda ke riƙe da akwatin kuɗi take tashi.