Kunyar ɗan fari da shekarar farko a jami'a: amsa ga ɗan ƙanena

Assalamu alaikum. Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kai da iyali kuna lafiya a Gadarif, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa babban yaronka ya sami gurbin karatu a Jami'ar Jazira da ke Madani a nan Sudan. Allah ya sa albarka. Ka tambaye ni ko kunyar ɗan fari ta hana ka riƙa kiransa a waya kana bin diddigin halinsa, tunda ko sunansa ba ka kamawa, sannan ka tambaya ko a dahiliyya, wato masaukin ɗalibai, ya kamata ya zauna ko a gidan dangi kamar yadda aka saba. Na rubuta amsar a inda sauran 'yan'uwa za su gani, domin ba kai kaɗai ne da wannan damuwa ba.

Kunyar ɗan fari al'ada ce ta mutunci, kuma ba na goyon bayan masu cewa a watsar da ita, amma mutane da yawa rabinta kawai suke tunawa. A gidan da ake yin ta yadda ya kamata, ba a taɓa barin yaro babu mai sauraron kukansa. Uba yana kawar da kai, uwa ba ta ambaton suna, amma kaka tana nan tana wasa da shi, gwaggo tana jin sirrinsa, kawu kuma yana tsaya masa idan ya yi laifi, sau da yawa ma bayan yaye a hannun kakanni ɗan fari yake tashi. Al'adar raba nauyi ta yi a tsakanin dangi domin iyaye su nuna kara a gaban nasu iyayen. To, yanzu yaron zai koma garin da babu kaka babu gwaggo, kuma idan ka riƙe shirun alhali masu cike gurbinsa ba sa kusa, maraici ka ɗora masa kana raye.

Ka kuma sani cewa addini bai wajabta wannan kunya ba. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya amsa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Ba sai ka fara kiran sunansa ba, laƙabin da ka saba ya isa, amma ka tsayar da rana guda a mako, kamar bayan sallar Juma'a, ka kira shi da kanka. Kada ka tsaya ga "kana lafiya?", domin ɗan da ya tashi cikin kunya "lafiya lau" zai ce ko da yunwa ya kwana. Ka tambaye shi abin da ya ci, da darasin da ya fi ba shi wuya, da waɗanda suke ɗaki ɗaya. Abin da ba zai iya faɗa maka ba kuma, ka wakilta ƙanwarka ta riƙa jinsa, ka gaya masa a fili cewa kai ka sa ta.

Ina nanata wannan ne saboda yaran wannan zubi ba kamar na baya ba ne. Yaƙi ya ɓarke a ƙasar nan a Afrilun 2023, waɗanda ya kamata su zauna jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, a shekarar sai a ƙarshen Disamban 2024 suka same ta, Madani ita kanta ta fita daga hannun gwamnati a Disamban 2023, ba ta dawo ba sai Janairun 2025. Yaron da ya daɗe rabonsa da aji zai tarar da malamin da ba ya bin kowa da bulala, da littattafan kimiyya waɗanda da yawansu da Turanci suke alhali da Larabci ya yi sakandare, ga kuma tsokanar da tsofaffin ɗalibai ke yi wa baralma, wato sababbin shiga. Idan ya faɗi darasi aka ce ya yi mulhaƙ, kada ka ɗauke shi abin kunya, domin jarrabawa ce ta gyara, kuma tsoron uba ne ke sa yaro ya ɓoye ta har ta kai shi ga maimaita shekara.

Game da masauki, al'adarmu a fili take. Tun lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka kafa wannan gari namu na Mai Wurno kusa da Sinnar, mutanenmu ba sa tura ɗa wani gari ba tare da an damƙa shi amana a hannun mai masauki ba, haka ma mahajjatan ƙafa suka riƙa yi zango bayan zango. Wannan amana ita ce asali, ba wurin kwana ba. A ganina ya kwana a dahiliyya tare da abokan karatunsa, domin a gidan dangi yakan zama ɗan aike, kuma gidajen Madani da dama ba su gama farfaɗowa daga ɓarnar yaƙi ba. Sai dai ka raka shi da ƙafarka, ka kai shi gaban dattijo ɗaya daga cikin namu, ka tafi da buhun dawa don kada ka je hannu rabbana, ka sharɗanta wa yaron ziyararsa lokaci lokaci.

Batun kuɗi kuma, gudummawar da dangi za su kawo ranar sallama guzurinsa ce, kada ta ƙare a walima. Tunda samunka na lokacin girbi ne, kuma jine, kuɗin ƙasar nan, yana rasa daraja kullum, ka ware buhunan riɗi da dawa da sunan karatunsa, ka riƙa sayarwa kaɗan kaɗan kana tura masa ta manhajar banki ta Bankak a rana sananniya kowane wata, domin kaɗan mai tabbas ya fi masa amfani a kan mai yawa da bai san ranar zuwansa ba. Kada ka bari ya kama tuƙin raksha, wato keke mai ƙafa uku, ko taya masu agashe aiki a wannan shekara, sai dai a hutu. Kada kuma ka riƙa gaya masa cewa shi ne zai ɗauki nauyin ƙannensa, ya riga ya sani.

Ka sanar da ni ranar tafiyarku tun da wuri, domin in yi magana da dattijon da za ku sauka wurinsa kafin ku isa. A gaida mutanen gida duka.

Baffanka, daga Mai Wurno.