Amsa ga mai son shiga dillancin gidajen da banki ya ƙwace a Amurka

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da lasisin dillancin gidaje a Amurka, ka cike fom a wurare da dama don a ba ka sayar da gidajen da bankuna suka karɓe daga waɗanda suka kasa biyan bashi, amma har yau shiru, kana tambaya ko akwai ƙofar da ba ka sani ba. Ƙofa akwai, sai dai ƙunci gare ta, kuma abin da ke bayanta ya fi kama da aikin mai kula da gida da kuɗin aljihunsa fiye da dillancin da ka saba.

Fara da sanin halin kasuwar. A 2010 kaɗai bankuna sun karɓe gidaje sama da miliyan ɗaya a Amurka, lokacin ne yawancin manyan dillalan wannan fanni suka kafu. Yanzu kayan sun ragu ƙwarai. Tun 2014 doka ta hana fara shari'ar ƙwace gida sai mai bashi ya wuce kwana 120 bai biya ba. Daga Maris 2020 zuwa ƙarshen Yuli 2021 an dakatar da ƙwace gidajen da gwamnatin tarayya ta tsaya wa bashinsu saboda korona. Ga shi farashin gidaje ya hau, don haka wanda bashi ya ci ƙarfinsa kan sayar da kansa, ya biya banki, ya tafi da ragowar. Wasu kuma a gwanjo ake saye su tun kafin su dawo hannun banki. Ɗan abin da ya rage, tsofaffin hannu ne ke jiransa.

Ba manajan reshen banki ke raba aikin ba. Akwai jami'an kula da kadarori, wasu a cikin banki, wasu a kamfanonin da aka ba kwangila, kowannensu riƙe da tarin gidaje a jihohin da bai taɓa takawa ba. Manyan kamfanonin bashin gida biyu da gwamnati ke mara wa baya na sayar da nasu ta shafukansu, Fannie Mae ta HomePath, Freddie Mac ta HomeSteps, hukumar gidaje ta HUD na da nata tsarin. Ayyuka da yawa ta manhajoji irin su Equator da RES.NET suke bi. Yin rajista a can, ko da ka biya kuɗin zama mamba, sunanka kawai ya shiga jeri. Wanda ya ce ka biya shi zai tabbatar maka da gidaje, ka riƙe kuɗinka.

Hanyar da aka fi shiga ita ce ƙiyasin farashi, wanda 'yan harkar ke kira BPO. Za a turo maka adireshi, a ba ka kwana ɗaya zuwa uku. Ka ɗauki hoton gaban gidan, lambarsa da titin ta ɓangarori biyu. In na ciki ne, kowane ɗaki da kowace ɓarna. Sai ka kawo gidaje uku makamantansa da aka sayar kwanan nan, yawanci cikin wata shida, da uku da ke kasuwa yanzu, a kusa da shi, masu kusan girma da shekaru ɗaya. Ka ba da farashi biyu: yadda gidan yake, da bayan gyara. Ladan kaɗan ne, galibi bai kai dala 100 ba, wani lokaci mai da lokacinka ma bai mayar ba. Amma da shi ake auna ka. Sabbin shiga kan faɗi a wuri biyu: makara, da kumbura farashi da tunanin hakan zai sa a ba su gidan. Gidan zai zauna wata huɗu ba mai taya, jami'in ya koma ya duba wa ya ba da wannan lamba. Ka kuma duba dokar jiharka, don wasu jihohi sun taƙaita yadda dillali zai karɓi kuɗi a kan irin wannan ƙiyasi.

To a ce an ba ka gida. Cikin kwana ɗaya ko biyu ana son ka je ka tabbatar ko da mutum a ciki. Nan ne wurin da ya fi haɗari. In akwai mutum, ko kayansa masu daraja, kada ka taɓa makulli, kada ka yanke wuta ko ruwa. Fitar da mutum aikin kotu ne. Ɗan haya na gaskiya yana da kariyar dokar tarayya ta 2009, wadda aka mayar ta dindindin a 2018: aƙalla sanarwar kwana 90, kuma sau da yawa yana da ikon ƙarasa wa'adin hayarsa. Abin da banki kan ba ka ka kai shi ne tayin kuɗi a bakin makulli, wato mazaunin ya kwashe kayansa zuwa rana kaza, ya bar gidan a share, ya karɓi cak. Ba a miƙa cak sai ka zagaya gidan ka gani da idonka. Kuma don Allah a yi wannan da mutunci. Wanda ya buɗe maka ƙofa ya rasa muhallinsa ne, sau tari saboda ciwo, rasa aiki ko mutuwar aure. Taushin harshe haƙƙinsa ne, kuma shi ke hana a bar maka gida da fasassun bango.

Da gida ya zama kango, nauyi ya dawo kanka: canza makullai, kwashe tarkace, yanke ciyawa, buɗe wuta da ruwa da gas, sau da yawa da sunanka ko na ofishinka. A jihohin sanyi dole a shirya gidan kafin hunturu. A rufe ruwa daga babban famfo, a zubar da na tankin ruwan zafi, a hura iska a bututu har su bushe, a zuba maganin hana daskarewa marar guba a masai da magudanun wanka da na kicin. In aka yi sakaci, ruwa ya daskare ya fasa bututu, da ɗumi ya dawo sai silin ya zubo, fumfuna ta bi bango. Gidan da ke da ɗakin ƙasa da injin tsotse ruwa, yanke masa wuta daidai yake da buɗe wa ambaliya ƙofa. Ɓarayin jan ƙarfe kuma bututu, wayoyi da na'urar sanyaya ɗaki ta waje suke nema, shi ya sa ake son zagaye kowane mako da hotuna masu kwanan wata.

Duk wannan kai za ka fara biya, a mayar maka bayan wata ɗaya, biyu, wani lokaci uku. Ka ƙaddara gida 10 ne a hannunka, kowanne na cin dala 400 a wata: dala 4,000 ke nan, in aka yi wata biyu ba a biya ka ba, 8,000 ɗinka na waje alhali ko la'ada ɗaya ba ta shigo ba. Kuma ana ƙin biyan kuɗi a kan ƙananan dalilai: ka kai rasit bayan wa'adi, ba hoton kafin aiki da bayansa, ko ka sa a yi gyaran da ya haura iyakar da aka yarda maka ba tare da izini a rubuce da tayin 'yan kwangila biyu ko uku ba. La'adar kanta takan gaza ta gida na yau da kullum, wani kamfanin ma ya yanki kasonsa daga ciki. A ganina wannan, ba rashin iya ciniki ba, shi ke korar yawancin mutane.

Sai ɓangaren takardu. A Michigan tsohon mai gida yawanci na da wata shida bayan gwanjo da zai iya fansar gidansa. In akwai bashin harajin tarayya a kan gidan, hukumar haraji na da kwana 120 na fansa. Harajin gida, kuɗin ƙungiyar unguwa da tarar hukumar gari kan fito daf da rufe ciniki, don haka ka matsa a binciki takardun mallaka tun farko. Banki na sayarwa yadda gida yake, yana kuma haɗa nasa ƙarin sharuɗɗa da ke rinjayar yarjejeniyar da aka saba, har da tarar kowace rana in mai saye ya makara. Mai sayen da ke da lamunin FHA, wato bashin gida da gwamnatin tarayya ta tsaya wa, zai iya makalewa in gidan ba ya zaunuwa, sai dai ya bi ta lamunin gyara na 203(k).

Da ni ne kai, ba zan jira manyan kamfanoni ba. Ka nemi dillalin da ya riga ya kafu a wannan fanni a yankinka, ka ɗauke masa zagaye, hotuna da ƙiyasi, ka koyi manhajojin da rahoton wata-wata a ƙarƙashinsa. Ka shiga ta ɓangaren masu saye kuma: in ofishinka ya yi rajista da HUD ya sami lambar shaidarta da ake kira NAID, kana iya sa tayi a madadin mai saye, kuma gidajen Fannie Mae na da kwanakin farko da ake fifita mai sayen da zai zauna a ciki a kan 'yan kasuwa. Ƙananan bankuna da ƙungiyoyin lamuni na gari su ma kada ka raina su. Gida biyu ko uku suke da shi a shekara, ba su da kamfanin da ke kula musu, kuma za ka iya ganin mai yanke shawara ido da ido. Kafin ka je, ka tanadi inshorar kuskuren aiki, lambar mai makulli, mai famfo da mai kwashe shara da za su fito a rana ɗaya, da asusu na dabam da zai ɗauki kuɗin gidajen na aƙalla wata uku.