Tablet ɗina ta maƙale bayan na sa LineageOS

Tambaya: Salam Malam, daga Mabera nike nan Sakkwato. Na sa ma tablet ɗina LineageOS, wato wani nau'in Android da ake ɗorawa a madadin na kamfani, tun jiya tambari kawai take nunawa, ta ƙi shiga, ta yi zafi kamar dutsen guga. Mi za ni yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Galibi tsohuwar data ce ba ka goge ba, ko GApps ɗin (kunshin manhajojin Google) bai dace da Android ɗin ba, misali LineageOS 21 dai Android 14 ce. Bar ta ta huce tukuna, ka shiga rikabari (sashen gyara da ake shiga kafin Android ta buɗe) ka yi Format data, wato goge duk abin da ka ajiye a cikinta, amma fa hotunanka duk za su tafi, sai ka sake ɗora LineageOS tare da GApps ɗin da ya dace kafin kunnawar farko. Ka tabbata cajinta ya wuce rabi, kar ta mutu ana tsakar aiki.