Shin dabbar Kogin Yanzi ita ce ayun da muka sani?

Tambaya: Malam, na ga hoton wata halitta a wani kogi na ƙasar Sin, tana leƙowa saman ruwa tana shaƙar iska, an kuma ce saboda ita da irinta aka hana kamun kifi har shekara goma. Ita ce ayu? Kuma me ya sa za a hana masunta sana'arsu a kan dabba guda? Daga wani malamin makaranta a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Malam, ba ayu ba ce, ko da yake ba ka yi nisa da gaskiya ba, domin dukansu biyu ba kifaye ba ne: da huhu suke numfashi, haihuwa suke yi, kuma suna shayar da 'ya'yansu nono. Wadda ka gani dangin dolfin ce, tana zaune a Kogin Yanzi, mutanen wurin suna ce mata aladen kogi, kuma kifi take ci. Shi kuwa ayu, wanda ake samu a Kogin Kwara da Binuwai, ciyawar ruwa ce abincinsa, kuma masana sun tabbatar ya fi kusa da giwa a dangantaka.

Dalilin hanin shi ne mutanen Sin sun riga sun ga ƙarshen wata dabba irinta. A kogin nan akwai wani farin dolfin mai suna baiji, wanda masana suka bi ruwa makonni shida suna nemansa a 2006 ba su ga ko ɗaya ba. Abin da ya cinye shi shi ne ke bin wannan: taru da ƙugiyoyi suna riƙe ta a ƙarƙashin ruwa har ta shaƙe, kifin da take ci ya ragu, ga rugugin jiragen ruwa da ke rikita ta, alhali da amon sauti take gane hanya da abinci a ruwa mai laka. Babbar matsalar kuwa, ɗa ɗaya take haifa bayan cikin kusan shekara guda, don haka gurbin wadda ta mutu ba ya cikewa da wuri. A ƙidayar 2017 an sami aladun kogi 1,012. Hanin ya soma a Janairun 2021, a 2022 kuma adadin ya kai 1,249.

A ganina hanin ba zalunci ba ne, muddin an sama wa masunci abin yi, domin kogin da ba ya iya ciyar da dabbar nan ba zai daɗe yana ciyar da masuncin ba.

Mu a nan ba mu da dolfin, amma ciwon ɗaya ne. Ana farautar ayu saboda namansa da mansa, wanda kowa ya san yadda ake cinikinsa da sunan magani, shi ma kuwa ɗa ɗaya yake haifa bayan dogon ciki. A tafkunanmu irin na Gidimuni da Lassuri, rairayi da kacalla ne ke cin ruwa, kuma idan aka ja ruwa da gidan sauro maimakon koma mai manyan idanu, ana kwashe 'ya'yan karfasa da tarwaɗa tun ba su isa yin ƙwai ba.