Tambayi Anti Nas: Asibitin unguwa a Ikko, namu ne ko na masu gari?

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun wannan wata daga Legas suka fito, don haka na bar wa mutanen Ikko shafin baki ɗaya.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Aure ne ya kawo ni Agege daga Funtuwa, ban cika shekara ba. Ina da ciki wata biyar, na fari. Na je awo sau ɗaya a asibitin unguwarmu, amma ba na jin Yarabanci, Turancin ma sai kame-kame. Nas ɗin ta yi ta tambayata ina kallonta, har ta ɗaga murya, mata suka kwashe da dariya. Ban sake komawa ba. Maigidana ya ce in bari kawai, tunda a wata na bakwai zan tafi gida goyon ciki, sai in yi awon a can. Lafiyata ƙalau, sai dai ƙafafuna sun ɗan kumbura. Ya kika gani?
Daga wata amarya, Agege.

AMSA: 'Yata, ki koma awo cikin makon nan. Kada ki jira wata na bakwai.

Kumburin ƙafa kaɗai ba abin tsoro ba ne, mata da yawa suna yin sa. Amma mai cikin fari da ta wuce mako 20 tana cikin waɗanda hawan jinin masu ciki ya fi kamawa, kuma ciwo ne da ba ya sallama. Mace tana shara da wanke-wanke, jininta yana hawa ba ta sani ba, sai ranar da ta faɗi tana jijjiga a ce iska ce ta taɓa ta. Abu biyu ke tona shi, awon jini a damtse da gwajin fitsari, kuma duka ba sa cin minti goma. Idan awo ya kai 140 bisa 90, magana ta canza. In kuwa kika ji ciwon kai mai tsanani, ko kina gani dishi-dishi, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko kika ga jini, to ba sai ranar awo ba. A nemi mota a wuce babban asibiti ko da tsakar dare ne. Kuna da na gwamnati a Orile-Agege da Ifako-Ijaiye.

Ban da wannan, a watanni biyun da maigida ke so ki zauna akwai abubuwan da za su wuce ki: ƙwayar ƙarin jini, allurar tetanus, gidan sauro, da Fansidar da ake bai wa masu ciki daga wata na huɗu don kare su daga zazzaɓin cizon sauro. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Ke kuwa sau ɗaya kika je, shi ma ba a fahimci juna ba.

Tsawar da aka yi miki ba daidai ba ce, ba zan wanke abokiyar aikina ba. Na yi aiki a irin waɗannan ɗakunan awo, na san yadda nas ɗaya ke fama da mata cike da benci tun safe, amma gajiya ba hujjar wulaƙanta mai ciki ba ce. Sai dai fushin da kika yi, ke ya cutar, ita ko sunanki ba ta riƙe ba. Agege cike take da matan Hausawa haifaffun nan, waɗanda Yarabanci a bakinsu kamar ruwa. Ni ma ɗaya ce daga cikinsu. Ki roƙi wata maƙwabciya dattijuwa ta raka ki, ko malamar Islamiyyarku ta haɗa ki da wata. Ku yi sammako. Kafin ku fita ki gaya mata ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe, da duk maganin da kike sha, har jiƙe-jiƙen da Inna ta aiko daga gida, don nas za ta tambaya. Idan ba ki son namiji ya duba ki, ki faɗa tun a bakin ƙofa. A ƙananan asibitoci yawanci mata ne ke awo.

Goyon ciki kuma ban hana ba. Amma daga Legas zuwa Funtuwa a mota wuni ne da kwana, don haka a bar nas ta auna ki ta ce za ki iya, sannan a sayi tikiti. Ki tafi da katinki da sakamakon gwaje-gwajen, ki miƙa su a asibitin can, kada su fara daga farko.

Bari in juya ga maigida da sauran mazanmu, don na san ana karanta shafin nan a majalisa. Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kuma ƙananan asibitocin gwamnati da ke cikinsu sun haura 300. A tsari, kowace mazaɓa tana da kwamitin lafiya na mutanen unguwa, masu zama da shugabar asibiti su faɗi abin da ke damun jama'a. Ku shiga ɗakin taron ku ƙirga Hausawa. Za ku ga shugaban 'yan kasuwa, da fasto, da liman Bayarabe, mu kuwa muna waje muna cewa asibitin "nasu" ne. Kakanninmu sun zauna a Agege suna fataucin goro tun kafin a haifi iyayen nas ɗin da ta yi wa wannan yarinya tsawa. Muna da Sarkin Hausawa, muna da masallatai, muna da ƙungiyoyin direbobi da mahauta. Me zai hana fada ta tura mutum biyu, mace da namiji, su zauna a kwamitin? Buƙatar farko mai sauƙi ce: ranar awo da ranar allurar yara a samu mai tafinta, ko da 'yan matanmu da suka gama sakandare ne suke karɓa-karɓa. A nan ne kuma za a yi maganar bebiyar da ke zuwa awo ba mai fassara mata, da gurgun da ake ɗauka cak saboda matakala, alhali tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa da ta ce gine-ginen jama'a su zama masu shiguwa ga masu buƙata ta musamman.

TAMBAYA: Hajiya, ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, iyalina suna Ketu. Ana ta tallar wata inshorar lafiya wai Ilera Eko. Wasu sun ce ta 'yan asalin jiha ce, mu baƙi kuɗinmu kawai za a ci. Gaskiya ne?
Daga wani Alhaji, Mile 12.

AMSA: Alhaji, ba gaskiya ba ne. Shirin na mazauna Legas ne, ba a tambayar garin kakanka. An yi dokarsa a 2015, aka ƙaddamar da shi a ƙarshen 2018, kuma LASHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar, ce ke gudanar da shi. A matakin tarayya ma, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan Najeriya shiga wani tsari.

Za ka biya kuɗin shekara, na kanka ko na iyali, ka zaɓi asibiti ɗaya daga cikin jerinsu. Idan ciwo ya zo, can za ka nufa da katinka, su kuma su tura ka gaba in abin ya fi ƙarfinsu. Ka riƙe lambarka ta NIN, da katin LASRRA na mazauna jiha idan ka yi shi.

Inda mutane ke cizon yatsa shi ne wajen zaɓen asibiti. Kada ka zaɓi na kusa da rumfarka, ka zaɓi na kusa da gida, don matarka da yara ne za su fi zuwa, kuma ka san cunkoson titin Ikorodu. Kafin ka biya, ka sa a karanta maka abin da ke cikin tsarin da abin da ba ya ciki, domin ba kowane aiki ko magani inshora ke ɗauka ba. A tambaya kuma daga wace rana katin zai fara aiki. Kada ka damƙa kuɗinka ga wani mai yawo da jaka a kasuwa ba rasit.

Ko da kati ko babu, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti korar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Motar asibiti kuma ana kiranta kyauta a 112 ko 767. A rubuta lambobin a jikin rumfa, don ɗan dako yakan faɗi a ƙarƙashin buhu.

TAMBAYA: Anti, an fara wa ɗana allura a Gusau, aka yi biyu, sai muka dawo Idi-Araba. Yanzu watansa takwas, katin ma ya ɓata. Sai an sake daga farko?
Daga wata uwa, Idi-Araba.

AMSA: A'a ƙanwata, ɗorawa ake daga inda aka tsaya. Ki kai shi ƙaramin asibitin gwamnati mafi kusa, ki faɗi abin da kika tuna, za su duba tabon allurar haihuwa a damtsensa su buɗe masa sabon kati. Allurar kyauta ce. Ta mako 6, 10 da 14 ita ce ke kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa, kuma kin ga irin ɓarnar da mashaƙo ta yi a Kano tun ƙarshen 2022, yawanci a kan yaran da ba su kammala allura ba. A wata tara akwai ta ƙyanda da shawara, a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Wannan karon ki ɗauki hoton katin da waya.

TAMBAYA: Anti, mu bakwai muke kwana a shago ɗaya a Alaba Rago. Ɗayanmu ya fi wata yana tari, ya rame, da dare gumi sharkaf. Ya sha maganin kemis ya sha na gargajiya. Ya ce zai daure har damina, in ya je gida noma sai ya nemi magani. Mu kuma tsoro muke ji, amma ba ma son ya ga kamar muna ƙyamarsa.
Daga wani matashi, Alaba Rago.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka rubuto. Duk tarin da ya kai mako biyu sai an gwada shi, balle wanda ya haɗa da rama da gumin dare. Waɗannan alamun tarin fuka ne, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu shi, Legas da Kano na kan gaba. Ta iska yake yaɗuwa, ba ta kwanon abinci ba, don haka raba cokali ba zai cece ku ba muddin kuna kwana a rufe.

Gwajin kaki kyauta ne a asibitocin gwamnati masu sashen tarin fuka, magani ma kyauta ne, na wata shida. Ka gaya masa haka ƙarara, domin yawancin masu cewa "sai na je gida" kuɗi suke tsoro, ba asibiti ba. Kada ku tura shi shi kaɗai, ɗayanku ya bar aikin safe ya raka shi. Idan aka tabbatar, ku shida ɗin ma ku je a duba ku. Kafin nan a bar taga a buɗe, ya kwanta kusa da ƙofa, ya riƙa rufe baki in zai yi tari. Da ya yi makonni kaɗan yana shan magani yadda aka ce, haɗarin ya sa muku yana raguwa ƙwarai. Fitsarinsa zai koma ja-ja, kada ya firgita, aikin ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne.

Wurin da nake so ku sa ido shi ne wata na biyu zuwa na uku. A lokacin tari ya lafa, jiki ya murmure, damina ta kama, sai mutum ya ajiye magani ya hau mota. Daga nan ake samun tarin da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala, har takan kai mutum kwanciya a asibitin Mainland da ke Yaba. Idan tafiya noma ta zama dole, ya gaya wa ma'aikatan tun da sauran mako guda. Za su rubuta masa takardar sauyin asibiti, su ba shi ƙwayoyin da za su kai shi gida, ya ci gaba da karɓa a asibitin ƙaramar hukumarsu.